Idan jam'iyyar "mu talakawa" ta kafa gwamnati, jama'a na ƙara gamsuwa da dimokuraɗiyya?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyyar siyasa ne, kuma wani abu ya ɗaure mini kai. Kullum ana cewa jam'iyyun da ke hawa mulki da kirarin "mu ne talakawa, su ne azzalumai" suna lalata dimokuraɗiyya. Sai kuma na ji an ce a wasu ƙasashen da suka mulka, mutane sun fi nuna gamsuwa da dimokuraɗiyyar fiye da da. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne, kuma ya faru a ƙasa fiye da ɗaya. Amma kafin mu je ga ƙasashen, sai mun tsaya a kan tambayar da ake yi wa mutane, domin rabin ruɗanin daga can yake fitowa.

Masu ƙuri'ar jin ra'ayi suna zuwa gida gida su ce wa mutum: gaba ɗaya, yaya gamsuwarka da yadda dimokuraɗiyya ke tafiya a ƙasarka? Eurobarometer na yin wannan tambaya a Turai tun 1973, Latinobarometro na yin ta a Latin Amurka tun 1995, Afrobarometer kuma a nan Afirka tun 1999. Ka sa kanka a matsayin wanda aka tsayar a ƙofar gidansa. Ba zai fara lissafin ko alƙalai na da 'yanci ba, ko an shata mazaɓu bisa adalci. Abin da zai faɗo masa a rai shi ne wanda ke kan kujera, ko shi ya zaɓe shi, da kuma ko tukunyar gidansa na hawa wuta. Duk ɗalibin da ya taɓa riƙe takardar tambayoyi ya shiga unguwa ya san haka. Ka ce "dimokuraɗiyya", mutum ya ji "gwamnati".

Tun 1997 wasu masana biyu, Christopher Anderson da Christine Guillory, suka duba alƙaluman ƙasashen Turai ta Yamma suka nuna cewa waɗanda jam'iyyarsu ta ci zaɓe sun fi waɗanda tasu ta faɗi gamsuwa da tsarin baki ɗaya, kuma ratar ta fi faɗi a ƙasashen da wanda ya ci ke haɗiye komai, ta fi ƙanƙanta inda ake raba mulki ta hanyar gwamnatin haɗaka. An sake gwada wannan sau ba adadi, sakamakon na nan. Bai shafi irin jam'iyya ba. Ɗabi'ar ɗan Adam ce.

Yanzu ka ɗora wannan a kan jam'iyyun da kake tambaya. Turawa na kiran aƙidar tasu fofulizim. Ma'anar da aka fi amfani da ita, wadda masani Cas Mudde ya tsara a 2004, ita ce siyasar da ke raba al'umma gida biyu: jama'a tsarkaka a gefe guda, shafaffu da mai lalatattu a ɗaya gefen, sannan ta ce mulki na gaskiya shi ne aiwatar da abin da jama'ar ke so kai tsaye. Za ka same ta a dama, wato wajen masu ra'ayin riƙau, za ka same ta a hagu, wato wajen masu ra'ayin gurguzu da makamantansu. Su wa ke zaɓen irin waɗannan jam'iyyu? Yawanci mutanen da suka fi kowa fushi da tsarin. Wanda ya shekara ashirin yana ganin kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi, wanda ya yanke cewa duk wanda ya zaɓa tafiyar ɗaya ce. Ranar da jam'iyyarsa ta kafa gwamnati, mutumin nan zai tashi daga can ƙasan ma'auni ya yi tsalle mai nisa, saboda daga nesa ya taso. Su kuwa magoya bayan tsofaffin jam'iyyu za su sauko. Idan tashin waɗancan ya fi saukowar waɗannan, sai jimillar ƙasa ta nuna gamsuwa ta ƙaru. Wannan shi ne adadin da ka ji.

Ba na so ka raina wannan tashin. Na san malaman da ke kore shi da cewa ruɗu ne kawai, kuma ban yarda da su ba. Mutumin da ya daina zuwa rumfar zaɓe, ya dawo ya jefa ƙuri'a, ya ga ƙuri'arsa ta sauke masu mulki, ya sami abin da dimokuraɗiyya ta yi masa alkawari tun farko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a mafi yawan ƙasashen nan yoyon gaske ne. Ɗauki Hungari. A watan Satumba na 2006 aka fallasa wani faifan murya inda firaministan lokacin, Ferenc Gyurcsany, ke faɗa wa 'yan jam'iyyarsa a asirce cewa sun yi ta shara wa jama'a ƙarya game da tattalin arziki domin su ci zaɓe. Aka yi tarzoma a Budafes, shi kuwa ya ƙi sauka. Sai rikicin kuɗi na 2008 ya zo, ƙasar ta miƙa hannu ga Asusun Lamuni na Duniya. Da Viktor Orban da jam'iyyarsa Fidesz suka ci zaɓen 2010 da kusan kashi 53 cikin ɗari, ƙasa ce suka tarar wadda ta riga ta yanke ƙauna daga 'yan siyasarta. Binciken cibiyar Pew ya nuna gamsuwa da dimokuraɗiyya a Hungari ta fi yawa a 2019 fiye da 2009, kuma wanda ya san inda aka faro ba zai yi mamaki ba.

Amma ka duba abin da aka yi cikin shekarun nan goma. Kashi 53 ɗin ya ba Fidesz kashi biyu bisa uku na kujerun majalisa, abin da ya ishe ta rubuta sabon kundin tsarin mulki ita kaɗai, kuma ta rubuta, ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2012. Aka rage kujerun majalisa daga 386 zuwa 199, aka sake shata mazaɓu. Aka sauko da shekarun ritayar alƙalai daga 70 zuwa 62, wanda ya share ɗaruruwan tsofaffin alƙalai lokaci guda. A zaɓen 2014 ƙuri'un jam'iyyar suka sauko zuwa wajen kashi 45, amma ta sake samun kashi biyu bisa uku, kujeru 133 cif. A 2018 aka tattara kafafen yaɗa labarai sama da 400 masu goyon bayan gwamnati ƙarƙashin gidauniya ɗaya. A 2019 Freedom House, ƙungiyar da ke auna 'yanci a ƙasashen duniya, ta cire Hungari daga jerin ƙasashe masu cikakken 'yanci, ita ce ta farko cikin Tarayyar Turai da hakan ya same ta. Ke nan a daidai lokacin da adadin masu cewa "na gamsu" ke hawa, hanyoyin da za a bi a sauke gwamnati suna ta ƙuntata. Abubuwan biyu sun tafi tare, ɗaya bai ƙaryata ɗaya ba, saboda ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Folan ta fi koyar da ni, don a can ne aka fi ganin hannun kuɗi. Jam'iyyar Doka da Adalci ta Jaroslaw Kaczynski ta ci zaɓen 2015 da kashi 37.6, ta sami kujeru 235 cikin 460. A watan Afrilun 2016 ta fara biyan iyalai ziloti 500 duk wata a kan kowane ɗa daga na biyu zuwa sama, a 2019 ta haɗa har da ɗan fari ba tare da duba samun iyaye ba. Ta kuma dawo da shekarun ritaya zuwa 60 ga mata, 65 ga maza, bayan gwamnatin da ta gabata ta ɗaga su. 'Yan adawa sun ce sayen ƙuri'a ne, kuma baitulmali ba zai ɗauka ba. Ya ɗauka. Ga magidanci a ƙauyen gabashin Folan, wanda tun faɗuwar kwaminisanci a 1989 yake jin labarin arziki a Warso bai gani a ƙasa ba, wannan ne karon farko da ɗan siyasa ya yi alkawari da baki kuɗi suka shigo asusu. Mu nan muna da kalmomi biyu da suka raba wannan tsaf: romon dimokuraɗiyya da romon baka. Mutumin ya sha na farkon. To ta yaya za ka zo ka ce masa dimokuraɗiyya ta lalace saboda rikicin naɗa alƙalan kotun tsarin mulki? Rikicin kuwa na gaske ne, tun ƙarshen 2015 aka fara shi, kuma a Disambar 2017 Hukumar Tarayyar Turai ta ɗauki matakin da ba ta taɓa ɗauka a kan wata ƙasa ba a baya, ta tayar da sashe na 7 na yarjejeniyarta, na ladabtar da ƙasar da ta kauce wa ƙa'idodin Tarayyar, a kan Folan. Gidan talabijin na gwamnati ya koma bakin jam'iyya. Amma kotu ba ta shiga kicin, ziloti 500 na shiga.

A Latin Amurka labarin ya fi zafi. Benezuwela ta shekara arba'in hannun jam'iyyu biyu da suka raba ƙasar tsakaninsu tun yarjejeniyar 1958, kuma a 1989 sojoji suka kashe ɗaruruwan mutane a Karakas da suka fito kan ƙarin kuɗin mota. Hugo Chavez ya ci zaɓen Disambar 1998 a kan wannan fushi. A tsakiyar shekarun 2000, lokacin da farashin man fetur ke tashi ana buɗe asibitocin unguwa da shagunan abinci masu rangwame, alƙaluman Latinobarometro sun sa Benezuwela cikin ƙasashen da suka fi gamsuwa da dimokuraɗiyya a yankin. A cikin waɗannan shekarun ne aka ƙara yawan alƙalan kotun ƙoli aka cika ta da 'yan gida, aka ƙi sabunta lasisin gidan talabijin na RCTV a 2007, aka cire ƙayyade wa'adin mulki a 2009. El Salbado ta maimaita darasin a gabanmu. Nayib Bukele ya hau a 2019, a watan Mayun 2021 majalisarsa ta tsige alƙalan sashen tsarin mulki na kotun ƙoli, sababbin suka ba shi damar tazarce duk da kundi ya hana. Daga Maris 2022 ƙasar ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, an kama mutum fiye da 70,000 cikin al'ummar da ba ta wuce miliyan shida da ɗoriya ba. Amma ƙasar da a 2015 take cikin mafi yawan kisan kai a duniya ta zama inda uwa ke aiken ɗanta da dare. A binciken Latinobarometro na 2023 El Salbado ce ta zo ta ɗaya wajen gamsuwa da dimokuraɗiyya, a 2024 kuma Bukele ya ci da wajen kashi 85. Duk wanda ya taɓa kwana da fargabar 'yan bindiga ya san dalilin uwar nan, kuma ba ni da bakin da zan zarge ta. Haka kuma ba zan manta da uwar da aka kama ɗanta ba tare da laifi ba, ba ta da kotun da za ta kai kuka. Ita ma tana cikin ƙasar, sai dai ba ta da yawan da zai motsa adadin.

Kada ka ɗauka ko'ina haka ake ƙarewa. Sau da yawa mulki ne ke cinye jam'iyyar, musamman idan ta shiga gwamnatin haɗaka. Jam'iyyar 'Yanci ta Ostiriya ta sami kashi 27 a 1999 ƙarƙashin Jorg Haider, ta shiga gwamnati a 2000, a zaɓen 2002 ta rikito zuwa kashi 10. Ta farfaɗo ta sami 26 a 2017, ta sake shiga gwamnati, abin kunyar bidiyon Ibiza, inda aka ɗauki shugabanta a asirce yana tayin kwangilolin gwamnati don samun goyon baya, ya tashi a 2019 ta koma 16. Da ta zauna a adawa shekara biyar sai ta zo ta ɗaya a 2024 da kusan 29. Ƙungiyar Taurari Biyar ta Italiya ta kusa kashi 33 a 2018, ta yi mulki da kusan kowa, a 2022 ta sauko wajen 15. Mafi ɗaci ita ce Girka. Syriza ta Alexis Tsipras ta hau a Janairun 2015 da alkawarin yaga takardar tsuke bakin aljihu. Ran 5 ga Yuli aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 61 suka ce a'a ga sharuɗɗan masu ba da bashi. Bayan kwana takwas Tsipras ya amince da sharuɗɗan da ba su fi waɗancan sauƙi ba. Ka yi tunanin Bagirken da ya fita ya ce a'a, ya yi rinjaye, ya ga rinjayen bai tsinana komai ba. Irin wannan mutum ya fi wanda bai taɓa sa rai ba wuyar dawowa, domin ya gwada ƙofar ƙarshe ta ƙi buɗuwa.

Waɗanda suka daɗe kan mulki sun gano maganin wannan, kuma shi ne abin da ya fi damuna a harkar. Jam'iyyar da ta hau da zagin manya, ranar da ta hau ita ce manyan. Don haka dole ta samo wasu manyan da za ta ci gaba da yaƙa tana kan kujera. Orban ya samu a Burasels, hedikwatar Tarayyar Turai, da attajiri George Soros, wanda hotonsa ya cika allunan talla a 2017. Chavez ya samu a Amurka da tsofaffin masu kuɗi. Bahaushe ya riga ya san wannan dabara, shi ya ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Muddin akwai bafaden da za a ɗora wa laifi, mai goyon baya zai ci gaba da gamsuwa da shugaba yana kuma ci gaba da fushi, duka a zuciya ɗaya. Illar ita ce ɗan adawa ya daina zama ɗan ƙasa mai wani ra'ayi, ya zama ɗan koren abokan gaba. Da Orban ya faɗi zaɓe a 2002, bayan mulkinsa na farko, cewa ya yi ƙasar haihuwa ba za ta taɓa zama a adawa ba. Ma'anar maganar a fili take: mu ne ƙasar, ko mun ci ko mun faɗi. A Amurka ma bayan zaɓen 2020 mun ga inda wannan tunani ke kaiwa, lokacin da magoya bayan Donald Trump suka afka wa majalisa ran 6 ga Janairu 2021. Gamsuwar da aka ɗaura a jikin mutum ɗaya tana tafiya ranar da ya faɗi, wani lokaci ta tafi da yarda da akwatin zaɓe ma.

Ba sai mun tsallaka teku ba kafin mu gane harshen wannan siyasa. Sanarwar Sawaba ta NEPU a 1950 ta raba Arewa gida biyu ƙarara, talakawa da masu sarauta. A 1979 magajiyarta PRP ta Malam Aminu Kano ta ci jihohi biyu, Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna, kuma cikin abin da suka fara yi har da soke haraji da jangali. Tambayi dattawan da suka ga lokacin abin da hakan ya zama ga manomi da makiyayi, za ka ji gamsuwar da nake ba ka labari a Folan. Sai dai Balarabe ya tarar da majalisar jiha a hannun NPN, ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, a watan Yunin 1981 ta tsige shi. Jam'iyyar kanta ta dare, Santsi da Taɓo, a 1983 kuma Rimi ya tsaya a NPP ya faɗi hannun Sabo Bakin Zuwo. Ba ina cewa Malam Aminu da Orban abu ɗaya ba ne, Allah ya kiyaye. Malam bai taɓa riƙe kujerar da zai iya sake rubuta dokokin zaɓe don kansa ba, kuma ya sha faɗuwa zaɓe ya koma gida. Na kawo shi ne don ka ga cewa kukan talaka a kan manya na iya zama gaskiya tsagwaronta, kuma kirarin kaɗai ba ya gaya maka abin da jam'iyya za ta yi da mulki.

Saboda haka idan ka sake cin karo da adadin gamsuwa na wata ƙasa, kada ka tsaya a jimilla. Nemi a raba maka shi gida biyu, waɗanda suka zaɓi gwamnati da waɗanda ba su zaɓe ta ba. A Denmak ko Suwizalan za ka tarar har waɗanda suka faɗi suna cewa tsarin na aiki, domin sun san zagaye na gaba na iya zama nasu. Inda ka ga masu nasara na can sama, waɗanda suka faɗi na can ƙasa, kuma ratar na ƙara buɗewa shekara bayan shekara, nan ne za ka zauna ka yi bincike, ko da jimillar na da kyau. A ganina ra'ayin wanda ya faɗi ya fi na wanda ya ci nauyi a wannan awo, don shi ne ake nema ya haƙura ya jira shekara huɗu, kuma ba zai jira ba sai ya yarda za a ƙirga ƙuri'arsa.

Sannan ka duba abin da ya faru ranar da aka gwada ƙofar. A watan Oktoban 2023 'yan Folan suka fito da yawan da ba a taɓa gani ba tun 1989, sama da kashi 74 na masu rajista. Doka da Adalci ta zo ta ɗaya da kashi 35, amma ta rasa rinjaye, a Disamba jagoran 'yan adawa Donald Tusk ya karɓi gwamnati. An yi jan ƙafa, an yi rigima kan gidan talabijin da kotuna, amma an miƙa mulki, kuma a 2025 ɗan takarar da jam'iyyar ta mara wa baya, Karol Nawrocki, ya ci kujerar shugaban ƙasa ta akwatin nan dai. A Benezuwela 'yan adawa sun ci majalisar dokoki da gagarumin rinjaye a Disambar 2015, lokacin Nicolas Maduro, magajin Chavez. Kotun ƙolin da aka cika tun zamanin Chavez ta bi dokokin majalisar tana sokewa, a 2017 aka kafa wata majalisar ta daban a kanta. Mutum fiye da miliyan bakwai sun bar ƙasar, cikinsu har da da yawa daga unguwannin da suka fi kowa cewa sun gamsu a 2007.